Garar Da Ta Sauka Daga Jirgin Ruwa: New Orleans da Tarihin Sana'ar Duba Tsofaffin Gidaje

A farkon watan Mayu, da zarar almuru ta yi a birnin New Orleans na jihar Louisiana, mutanen tsohon gari sun san abin yi. A kashe fitilar ƙofar gida, a rufe tagogi, wanda ke cin abinci a tsakar gida ya kwashe kwanukansa ya koma ɗaki. A daren da iska ta kwanta, zafi ya haɗu da laima, shinge kan fito dubbai bisa dubbai, ya yi wa fitilun titi rumfa har haskensu ya dusashe. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mu ma muna ganin shinge bayan ruwan fari, yara su fito da kwanon ruwa suna kamawa. Sai dai namu daga suri yake fitowa, a gona ko a bayan gari. Nasu kuwa daga cikin bangon gidaje yake ɓullowa, daga katakon benaye masu shekara ɗari biyu, da cikin kututturen itatuwan da ke yi wa tituna inuwa. Duk wanda ya faɗo ƙasa ya karkaɗe fukafukansa, abokin aure yake nema, don su kafa sabuwar zuriya a cikin gidan wani.

Yadda birnin ya faɗa wannan hali, da yadda ya yi ta fafutukar fita, ya ƙunshi kusan dukan tarihin sana'ar duba gara da maganinta a ƙarnin da ya wuce. Sana'a ce da ta fara da ido da kunne, ta yi shekara arba'in tana jingine da guba guda har ta yi sakaci da duba, sannan dole ta mayar da ita inda ta taso. Tsofaffin gidaje ne suka biya kuɗin wannan sakaci.

Faransawa ne suka kafa New Orleans a 1718, a kan wani ɗan tudu a gaɓar kogin Mississippi, fadama ta kewaye shi. Amma mafi yawan gine-ginen da ke wurin da ake kira Unguwar Faransawa a yau sun zo ne bayan zamaninsu. Gobara biyu ta cinye garin lokacin yana hannun Sifaniyawa: ta watan Maris 1788 ta ƙone gine-gine 856, ta Disamba 1794 ta ƙara da 212. Daga nan hukuma ta sa dokar gini da jan bulo da rufin da wuta ba ta ci. Gidaje suka matso bakin titi, suka jingina da juna, bango ɗaya ya raba maƙwabta biyu. Dabarar tsare wuta ce, ta kuma yi amfani, amma wanda ya tsara ta bai san ya share wa wata halitta hanya ba. Bulon na lakar kogi ne, mai taushi, yana shan ruwa kamar soso. A cikinsa aka cusa kawunan katakon da ke ɗauke da bene da rufi. Ruwan saman da birnin ke samu a shekara ya kai kimanin milimita 1,600, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, in kuma ka haƙa ƙasa kaɗan sai ka tarar da ruwa. Itace da laima da duhu, iyakar abin da gara ke roƙo ke nan, ga su an haɗa mata a wuri ɗaya, gida manne da gida daga wannan kusurwar titi zuwa waccan.

Garar da Amurkawa suka sani tun asali ƙarama ce, ba ta gina suri. A ƙarƙashin ƙasa take zaune, jikinta ba ya jure bushewa, saboda haka in za ta hau gida sai ta gina siririyar hanya ta laka a jikin bango, ta bi ta ciki. Idan ta shiga katako takan cinye cikinsa ta bar ɓawon waje lafiya lau, har da fentinsa. Masu karatun Alƙur'ani sun san labarin sandar Annabi Sulaimanu, wadda ba a gane an cinye ta ba sai da ta gaza. Haka aikin gara yake har gobe, shi ya sa matsalarta ta farko ita ce a gane tana nan.

Masanan farko na wannan fanni a nan suka sa ƙarfinsu. Thomas E. Snyder, masanin ƙwari a Ma'aikatar Gona ta Amurka, wanda ya wallafa littafinsa kan gara a 1935, ya shafe shekaru yana kiran a gyara dokokin gini: kada katako ya taɓa ƙasa, a ɗaga gida a kan harsashin da ido zai iya kewayawa, a sa farantin ƙarfe tsakanin harsashi da katako don gara ta fito fili in za ta tsallake, a bar iska ta riƙa ratsa ƙarƙashin gida. Duk shawarwarin nan manufarsu ɗaya ce, a tilasta wa gara ta bi inda za a gan ta. Ta fuskar kasuwanci kuwa, E. L. Bruce, mai masana'antar katakon daɓe a Memphis, ya gaji da ganin gara na cinye hajarsa a gidajen masu saye, sai ya kafa ɗakin bincike a 1927, wanda ya zama kamfanin Terminix. Magungunan wancan zamani su ne garin arsenik da man kwalta da makamantansu. Suna kashewa, amma ba su da tabbas, saboda haka mai maganin gara dole ya zama mai rarrafe a ƙarƙashin gida da tocila a hannu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ga sabbin gubobi na dangin DDT. Wanda ya zama sarkinsu a wannan fage shi ne kulodan, na kamfanin Velsicol da ke Chicago, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1948. 'Yan'uwansa su ne aldirin da diyaldirin da heftakulo. Aikin ba shi da wuya. A haƙa ɗan kwari a kewaye gindin gida, a huda daɓe, a kwarara ruwan magani galan bisa galan har ƙasa ta ƙoshi. A filin gwaji na Hukumar Gandun Daji ta Amurka da ke kusa da Gulfport a jihar Mississippi, ƙasar da aka jiƙa da kulodan ta hana gara wucewa fiye da shekara 30. An ƙiyasta cewa gidaje kusan miliyan 30 aka yi wa wannan aiki a faɗin ƙasar. Maganin da zai yi shekara talatin yana aiki ya ba kamfanoni damar sayar da sabon abu a shekarun 1950: yarjejeniyar kariya, wadda mai gida ke biya duk shekara, kamfani ya ɗauki alkawarin dubawa da maimaita aiki in gara ta dawo.

A takarda, ke nan, duba bai mutu ba. Amma a ganina ya zama al'ada kawai, domin wanda ya san gubar da ya zuba za ta raka mai gida har tsufa ba shi da dalilin ɓata gwiwar wandonsa. Magina ma suka saki jiki. Aka koma zuba daɓen kankare kai tsaye a kan ƙasa, aka riƙa saukar da filastar bango har ta nutse cikin ƙasa ta rufe harsashin da Snyder ya ce a bari a buɗe. Abin da bai shiga lissafi ba shi ne, kulodan katanga ce kawai. Yana kashe garar da ta taɓa shi, sauran su juya su nemi abinci a wani wuri. Zuriyar da ke ƙarƙashin ƙasa, da sarauniyarta da ke ta zuba ƙwai, ba abin da ya same su.

A cikin waɗannan shekaru na kwanciyar hankali ne baƙuwa ta sauka. Asalinta kudancin ƙasar Sin ne. Masanin ƙwari ɗan Japan, Tokuichi Shiraki, shi ya bayyana ta a kimiyyance a 1909 daga tsibirin Taiwan, wanda a lokacin ake kira Formosa, shi ya sa sunan ya bi ta: garar Formosa. An fi zaton ta iso gaɓar Amurka ne a cikin akwatunan katako da kayan soja da jiragen ruwa suka kwaso daga yankin tekun Fasifik bayan yaƙi. A New Orleans ana danganta shigarta da sansanin soja na Camp Leroy Johnson a bakin tafkin Pontchartrain, da sansanin sojan ruwa na Algiers a tsallaken kogi. Ba a gane ta ba sai a 1965 a Houston, sannan a 1966 a New Orleans da Lake Charles. Wato ta samu kusan shekara ashirin tana hayayyafa ana yi mata kallon garar gida.

Ga ido kuwa da wuya a raba su. Bambancin yana cikin yawa da ɗabi'a. Zuriya guda ta garar Formosa kan kai miliyoyi, tana kiwo har nisan mita 100 daga sheƙarta, wato zuriya ɗaya za ta iya cin gidaje da dama a lokaci guda. Kusan kashi 10 cikin 100 nata mayaƙa ne, ta gida kuwa ɗaya ko biyu. Tana cin itace mai rai, ta rarake cikin bishiya ta bar ta a tsaye sai ranar da guguwa ta zo. Abin da ya fi komai muni ga tsohon gini shi ne tana iya haɗa sheƙa da taunannen itace da ƙasa da yawu da kashinta, sheƙar da ke riƙe laima. In ta samu rufi mai yoyo ko indararo da ya toshe, sai ta kafa gida a bene na uku, ba ruwanta da ƙasa sam. Duk galan ɗin gubar da aka zuba a gindin bango bai shafe ta ba.

A Unguwar Faransawa ma katangar gubar ba ta taɓa cika ba. Ta ina za ka haƙa kwari a kewaye gidan da ɓangarorinsa biyu bangon maƙwabta ne, gabansa titi? In ka yi wa naka magani maƙwabcinka bai yi ba, ta bangon da kuka haɗa za ta shigo maka.

Shi kuwa kulodan, abin da ya sa aka so shi shi ne ya jawo ƙarshensa: ba ya ruɓewa. Rachel Carson ta ambace shi a littafinta na 1962 da ya tayar da ƙura kan magungunan ƙwari. Aka gano yana taruwa a kitsen dabbobi da na mutane, yana fitowa a nonon uwa, yana haddasa ciwon dajin hanta a ɓerayen gwaji. A gidajen ma'aikatan sojan sama aka auna shi a cikin iskar ɗakuna, ya biyo ta bututun iska da aka binne a cikin daɓe. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fara soke amfani da shi a gona daga 1978, zuwa 1983 ba abin da ya rage sai aikin gara, a watan Afrilu 1988 ta rufe wannan ƙofar ma. Velsicol ya ci gaba da haɗa shi yana sayar wa ƙasashen waje har 1997, abin da ya kamata mu mutanen Afirka mu riƙa tunawa. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ce ta sa shi, tare da aldirin da diyaldirin da heftakulo, cikin gubobi goma sha biyu da duniya ta amince a kawar.

Magungunan da suka maye gurbinsa ba su kama ƙafarsa ba. Shekaru kaɗan suke yi su sane. Wasunsu kuma korar gara suke yi, ta shinshino su daga nesa, ta bi gefen ƙasar da aka jiƙa har ta samu inda aka tsallake, ko da faɗin ɗan yatsa ne. Ana yawan cewa hana kulodan ne ya jawo wa New Orleans bala'in shekarun 1990. Ni ina ganin rabin gaskiyar ke nan. Zuriyoyin da suka fito suka rufe fitilun birnin ba a 1988 aka haife su ba. Shekara arba'in suka yi suna girma a cikin itatuwa da ƙarƙashin tituna da cikin bangaye, a zamanin da ake ganin an gama da matsalar. Ko ta yaya aka kalli abin, a ƙarshen shekarun 1990 ana ƙiyasta cewa gara na ci wa yankin New Orleans kimanin dala miliyan 300 a shekara, tsakanin gyara da magani.

Mutumin da ya sauya akalar sana'ar ya fito ne daga tsibirin da aka raɗa wa garar sunansa. Nan-Yao Su haifaffen Taiwan ne, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Hawaii a 1982, inda garar Formosa ta daɗe da zama 'yar gida, sannan ya koma cibiyar bincike ta Jami'ar Florida da ke Fort Lauderdale. Tambayar da ya yi mai sauƙi ce: maimakon a tsare gida a bar gara, me zai hana a kashe zuriyar baki ɗaya? Wuyar ita ce ba wanda ya san inda sheƙar take, tana iya kasancewa ƙarƙashin titi ko a gidan mutum na huɗu. Dole gara da kanta ta kai gubar gida. Da ɗan gari akan ci gari.

Ma'aikatan gara su ke fita kiwo, su dawo su ciyar da mayaƙa da jarirai da sarauniya baki da baki. Wannan ita ce ƙofar. Amma guba mai saurin kisa ba za ta bi ta nan ba, domin ma'aikaciyar za ta mutu a bakin abincin, gawawwaki su taru, sauran su toshe hanyar su ƙaurace wa wurin. Ana buƙatar abin da gara ba za ta ji ɗanɗanonsa ba, wanda kuma ba zai kashe ta da wuri ba komai yawan da ta ci. Su ya same shi a wani sinadari mai suna hekzafulumuron. Gara, kamar maciji, tana yin saɓa: lokaci zuwa lokaci takan tuɓe tsohuwar fata ta fito da sabuwa. Wannan sinadari yana hana sabuwar fatar haɗuwa. Wadda ta ci shi za ta ci gaba da harkarta makonni, tana yawo tana ciyar da 'yan'uwa, sai ranar saɓa ta zo ta mutu a cikin tsohuwar rigarta. Da ma'aikata suka ƙare, sarauniya da mayaƙa ba mai ba su abinci. A cikin 'yan watanni zuriyar takan shafe, da gubar da nauyinta bai kai ko kusa da abin da ake kwararawa a dā ba.

Yadda aka tabbatar da haka ma abin sha'awa ne. Akan kama gara dubbai a wani rami, a ciyar da su takarda mai rini har jikinsu ya yi shuɗi ko ja, a sake su, sannan a bi sauran ramukan ana duba inda masu launi suka ɓullo. Da haka ake zana iyakar ƙasar kowace zuriya, a kuma ƙiyasta yawanta, kafin magani da bayansa. Kamfanin DowElanco ya fitar da tsarin kasuwa a 1995 da sunan Sentricon. An yi amfani da shi a tsibirin da Mutum-mutumin 'Yanci yake a New York, da kuma Cabildo, tsohon gidan gwamnatin Sifaniyawa a New Orleans inda aka miƙa Louisiana ga Amurka a 1803. Ga masu kula da kayan tarihi wannan babbar ni'ima ce, domin ba sai an huda daɓen ƙarni na sha takwas ba.

Abin da ya fi jan hankalina a tsarin shi ne abin da ya yi wa mai aikin. A sigarsa ta farko, akan binne ƙananan bututun roba a kewaye gida, a sa guntun itace marar magani a ciki, ma'aikaci ya riƙa dawowa yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ga gara ta kama, sannan ya sa abincin tarko. In ta daina zuwa, ya mayar da itace ya ci gaba da sa ido. Mutumin da a dā yake zuwa da tankin guba sau ɗaya ya tafi, yanzu ya zama mai zagaye da littafin rubutu.

Duk da haka, gida ɗaya-ɗaya ba zai yi ba. A 1998 Majalisar Dokokin Amurka ta ware kuɗi, kimanin dala miliyan 5 a shekara, don wani shiri mai suna Operation Full Stop, wato shirin taka wa gara birki gaba ɗaya. Sashen bincike na Ma'aikatar Gona ya jagoranta, tare da Jami'ar Jihar Louisiana da hukumar birnin mai yaƙi da sauro da gara. Aka fara da rukunin gidaje 15 a tsakiyar Unguwar Faransawa. Gwamnati ce ke biyan kamfanonin da ke aikin, sharaɗin kawai a yi amfani da abin da ke rage zuriya, ko abincin tarko ko sabbin magungunan ruwa da gara ba ta jin warinsu, irin su fifronil. Aka huda duwatsun gefen titi aka binne bututu. Aka bi itatuwa ana huda su ana cusa magani mai kumfa a cikin kogonsu. Aka kai ga jingar kogi da katakon layin dogo da ke gefenta, waɗanda ba gidan kowa ba ne, saboda haka ba wanda ya taɓa yi musu magani. Don a auna ko ana cin nasara, sai aka rataya takardu masu danƙo a jikin fitilun titi ana ƙirga shingen da ya maƙale kowace bazara. Adadin ya ragu sosai a inda aka yi aikin, aka riƙa faɗaɗa shirin har ya game mafi yawan unguwar.

Sai dai bai kai sifili ba, kuma dalilin yana koyar da abu. Wasu gine-ginen sun ci gaba da fitar da shinge duk da bututun da ke kewaye da su, domin garar tana sama, a cikin bango da rufi, ba ta saukowa. Babu yadda za a yi da ita sai an shiga an nemo ta, ɗaki bayan ɗaki. A nan ne aka dawo da tsohuwar sana'ar da sabbin kayan aiki: na'urar auna laimar bango, kyamarar da ke nuna bambancin zafi, na'urar da ke jin ƙarar tauna a cikin katako, wata da ke gano motsi a bayan filasta, har da karnukan da aka horar su shinshino ta. Amma duk ƙwararren da ka gani, tocila da sukundireba ne a hannunsa. Yana ƙwanƙwasa katako yana sauraron wanda zai amsa kamar ganga. Yana duba dandamalin taga ko akwai fukafukan da aka karkaɗe, yana bin fentin da ya kumbura, da ƙofar da ta fara cijewa, da siririn layin laka a bayan kabad. Kafin ya nemi gara ma ruwa yake nema: indararon da ya tsage, bututun banɗaki mai ɗiga, na'urar sanyaya ɗaki da ke zubar da ruwa a gindin bango, tukunyar fure da aka jingina da katako. Rahoton da zai rubuta, wanda a jihohi da dama masu ba da bashin sayen gida ke nema kafin a kammala ciniki, yakan faɗa ƙarara cewa abin da ido ya iya kaiwa kawai ya ƙunsa. Wannan jumla ita ce ta fi kowace gaskiya a takardar, ita ce kuma masu saye suka fi tsallakewa.

Idan an sami sheƙa a sama, akan manna akwatin abincin tarko a kan hanyarta a jikin bango. In abin ya yi yawa, a lulluɓe ginin duka da tamfol a sakar masa iskar guba. Wannan na kashe duk abin da ke ciki, amma ran da aka yaye tamfol kariya ta ƙare, sai in an toshe yoyon da ya kira ta tun farko.

Wani abin dariya a tarihin nan: New Orleans ta fitar da gara kafin ta shigo da ita. Tun ƙarshen ƙarni na sha takwas gara ta addabi garuruwan tashar jiragen ruwa na yammacin Faransa, irin su Rochefort da La Rochelle, inda ta cinye takardun ajiya na ofishin gwamnan lardi ta bar bangon kundaye a jere kamar ba abin da ya faru. An daɗe ana ɗaukarta 'yar ƙasa, sai binciken ƙwayoyin halitta ya nuna garar Amurka ce, kuma danginta mafi kusa suna Louisiana. Faransa ta bi ta hanyar doka. Dokar 8 ga Yuni 1999 ta wajabta wa wanda ya ga gara a gidansa ya sanar da ofishin magajin gari, kuma a yankunan da aka ayyana, mai sayar da gida ya kawo rahoton ƙwararre. Su ma sun gane cewa gara ba sirrin mai gida ba ce shi kaɗai.

Wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram zai ga inda labarin ya taɓa shi. Magina na gargajiya sun warware rabin matsalar tun a zaɓen itace: azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika iya mata ba, da ita aka ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na sha tara. Ɗaya rabin kuwa yaɓen shekara-shekara ne kafin damina, wanda ke sa hannun magini ya shafi kowane taƙi na bango da soro, ya ga abin da ya canza. Yanzu tsofaffin gidajen nan an ɗora musu rufin kwano a kan katako mai taushi, an rufe shi da silin da ba mai leƙawa, an shafe bangon ƙasa da siminti wanda ke kulle laima a ciki, an shigo da famfo da banɗakin zamani. Kariyar da aka saba ita ce a shafa wa katako baƙin mai ko Solignum ranar da kafinta zai ɗora shi, shi ke nan. Garar tamu ba ta Formosa ba ce, ɗabi'unta daban, kuma abincin tarkon da ya yi aiki a can ba lallai ya yi wa mai gina suri ba. Amma bangon da maƙwabta suka haɗa iri ɗaya ne, haka ma yoyon da ba a gani.

Guguwar Katrina ta afka wa New Orleans ranar 29 ga Agusta 2005, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Unguwar Faransawa ta tsira saboda tudun da aka kafa ta a kai. Wasu sun yi fatan ko ambaliyar ta nutsar da gara a sauran unguwanni, amma da masu bincike suka koma suka buɗe bututunsu a wuraren da suka yi makonni a ƙarƙashin ruwa, sai suka tarar zuriyoyi da yawa na nan da ransu.

Kuɗin tarayya na Operation Full Stop ya tsaya a farkon shekarun 2010, nauyi ya koma kan masu gidaje, kowa da yarjejeniyarsa da kamfaninsa. Hukumar birni na ci gaba da kula da gine-ginen gwamnati da itatuwan wuraren shaƙatawa. Murafan bututun na nan a jere a gefen titunan unguwar, masu yawon buɗe ido na taka su ba su san ko mene ne ba. Wasu ana buɗe su a kan kari, wasu kuwa masu gidajen sun daina biya, ko gidan ya sauya hannu sabon mai shi bai sabunta yarjejeniyar ba.